Kwana Shida Babu Ɗora Tukunya

A al'adar Bahaushe, cin abinci a waje ba abin alfahari ba ne. Magidancin da aka gani zaune a bencin mai tuwo-tuwo a bakin tasha, alhali gidansa yana cikin gari, sai an tambaya ko lafiya: ko maiɗakinsa ta yi yaji, ko ta tafi wankan gida, ko kuwa akwai wata ɓaraka da ba a faɗa ba. Abincin saye na gwauro ne, da yaron mota, da ɗan kasuwar da dare ya riska a hanya. Ko a zamanin fatake, in ayari ya sauka zango, mai masauki ne yake aiko da akushi, ladansa kuma yana fitowa daga la'adar ciniki, ba a lissafa wa baƙo lomar da ya ci. Abin da ya fi kusa da ci a waje shi ne ciyayya, inda mazan unguwa suke fito da kwanoninsu ƙofar gida bayan magariba, mai miyar nama da mai miyar kuka tsura su sa hannu wuri guda. Mata kuwa a ciki suke ci, bayan an sallami kowa.

Ɗabi'ar tafiya bakin teku don hutu, da zama a teburi a zaɓi abinci daga takarda, tana da nata tarihi a wata ƙasa. Kalmar da Faransawa suke kiran gidan abinci da ita, a birnin Faris cikin shekarun 1760 sunan wani romo ne da ake sayar wa masu raunin jiki don ƙarfinsu ya dawo; daga baya sunan ya koma kan ɗakin da ake shan romon. Hutun da ake biyan ma'aikaci albashinsa yana kwance kuwa, dokar shekarar 1936 ce ta ba ma'aikatan Faransa mako biyu a shekara, sai talakawan da ba su taɓa ganin teku ba suka cika jiragen ƙasa. Ta hanyar aikin gwamnati da makarantar boko waɗannan abubuwa biyu suka iso Nijar. Hutun ya samu karɓuwa nan da nan, domin ya faɗo daidai da damina, malami ya ajiye alli ya ɗauki hauya. Teburin ne ya daɗe yana baƙunta.

Wani daraktan makarantar firamare na Maraɗi ya yi ritaya bayan ya shafe fiye da shekara 30 yana koyarwa. Sau ba adadi ya zana wa yara taswirar Afirka ta Yamma a allo, ya cika gefen kudu da shuɗin alli, ya sa su maimaita cewa Nijar ba ta da bakin teku, alhali shi kansa bai taɓa ganin abin da yake zanawa ba. Bayan Sallar Layya ta shekarar 2019, cikin watan Agusta, ya ɗauki kuɗin adashen da ya kwasa, ya ce gani ya kori ji: za shi Kwatano wurin ƙanensa mai aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa, kuma zai tafi da uwargidansa da autarsu mai karatu a jami'a. Hanyar ta fi kilomita 1300, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, a ƙetare gadar Gaya zuwa Malanbil, a bi ta Kandi da Paraku har inda ƙasa ta ƙare.

Uwargidan ta yi shirin tafiya irin na wadda ta san duniya. Ta ƙulla kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da garin yaji, ta soya ragowar naman layya, ta cusa wata ƴar tukunya a tsakiyar zannuwa. Da maigidan ya gani ya ce, "Hajiya, hutu fa za mu." Ta ce, "Malam, ciki ba ya hutu." A cikin wannan amsa akwai gaskiyar da ba kasafai ake faɗinta ba. Namiji in ya bar gari ya bar aikinsa a baya, amma aikin mace yana shiga mota tare da ita, ya sauka inda ta sauka.

Sun tarar matar ƙanen ta tafi gida haihuwa, shi kuwa yana rayuwa da abincin saye kamar sauran mazan birnin. Da yake akwai wasa tsakanin mace da ƙanen mijinta, sai ya ɗauke tukunyar ya kulle a ɗakinsa, ya rantse cewa matar Yaya ba za ta hura wuta a gidansa ba har ta koma. Ta yi faɗa, ta kira shi mara kunya, ya yi dariya ya sa makulli a aljihu.

Ranar farko ba ta yi wuya ba, domin a unguwar Zango suka ci, inda Hausa take tashi daga kowace rumfa. Akwai koko da masa da safe. Shinkafa da wake, wadda mutanen can suke kira wace, ta riƙe rabin sunanta na asali. Naman gashi da suke kira cacanga yawanci a hannun mahautan Arewa yake, da yajinsa da ƙuli-ƙulinsa. A kasuwar Dantokpa ta ga buhunan albasar Galmi an jibge, ta kuma ga cukun Fulani da suke kira wagashi, wanda da ruwan tumfafiya ake daskarar da madararsa, tumfafiyar nan da take tsirowa a kowane juji ba mai kula ta. Ta ce ashe gida ya riga su zuwa. Sai dai cin Zango ci ne a tsakanin dangi, ko da an biya kuɗi. Jarrabawar tana gaba.

Da yammacin rana ta biyu ƙanen ya kai su gaɓar Fijirose. Watan Agusta a kudancin Benin ɗan tsakanin damina biyu ne, iska tana da sanyi, igiyar ruwa kuma tana dukan yashi da ƙarfin da ba ya barin baƙo ya shiga. Darakta ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya ɗanɗana, ya tabbatar da gishirin da ya yi shekaru yana ba da labari. Daga nan suka shiga wata rumfar ganyen kwakwa mai tebura a kan yashi, irin wadda ake kira maki, sunan da ya bazu daga Kodebuwa.

Damuwa ta farko ita ce ta halal. A teburin da ke kusa akwai kwalaben giya, kuma ba wanda ya san hannun da ya yanka kajin da ke kan wuta. Nan karatun zaure ya yi rana. Darakta ya tuna musu cewa a mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, abin da ke rayuwa cikin teku halal ne kuma ba ya bukatar yanka, saɓanin Hanafiyya da suka taƙaita a kan kifi. Saboda haka aka bar nama aka koma ga ruwa. To, amma halacci daban, ƙyama daban. Da aka wuce da farantin jatan lande da ƙaguwa, uwargida ta kawar da kai ta ce ita ba ta cin ƙwaro. Autar ta ce, "Inna, to fara fa?" Aka yi shiru, sa'an nan aka fashe da dariya, domin duk wanda ya tashi a Maraɗi ya san daɗin soyayyar fara da yaji, ya kuma san yadda mutumin Kudu yake yamutsa fuska in ya ga ana cinta. Masana halittu ma a babban gida ɗaya suke sa su, na masu ɓawo a waje da ƙafafu masu gaɓoɓi. Ta ɗauki guda ta ɓare, ta tauna a hankali, ta ce farar ruwa ce, sai dai ba ta ji yaji ba.

Damuwa ta biyu takardar abincin ce. Da Faransanci aka rubuta ta, kuma darakta, wanda ya gyara kuskuren dubban yara a wannan harshe, ya tarar da sunayen da ya sani a littafi amma bai san kamanninsu a faranti ba. Ya ga kafitan, ya yi murna, domin a Yamai da Gaya sunan giwan ruwa ke nan. Sai ƙanen ya ce masa kafitan na teku wani kifi ne dabam, mai zare-zare a ƙarƙashin wuya; suna ɗaya ne Bature ya raba wa kifi biyu. Uwargida ba ta karanta boko, saboda haka ta ce a nuna mata kifin da ido. Yaron da ke hidima ya kai ta inda aka jera su a kan ƙanƙara. Ta ɗaga murfin kunnen kowane ta duba jansa, ta danna tsoka da yatsa ta ga ko za ta taso, ta dubi ƙwayar ido. Ta ture biyu gefe, ta ce waɗannan sun kwana da yawa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Kuma tana da hujja, domin abin da masuntan Benin suke kamawa ba ya isar ƙasar, ana shigo da daskararren kifi cikin kwalaye daga nesa, har a iya gasa wa mutum shi yana zaune taku ashirin daga teku. Wadda ta saba zaɓen tarwaɗa da karfasar tafkin Madarumfa ba a yi mata wannan.

Damuwa ta uku ba a faɗe ta da baki ba, ita ce kuma mafi nauyi. Shekara 33 suna tare, ba ta taɓa zama ta ci abinci a gaban mijinta ba. Takan kai masa nasa, ta ajiye ruwa, ta koma. In ya ƙare ta ɗauke kwano. A nan kuwa kujera huɗu ce a kewaye da teburi ɗaya, ga fitila a sama, ga baƙin maza suna kai da kawowa. Ta juya kujerarta ta ba shi gefe, ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska, tana kai loma kamar mai satar ci. Da aka ajiye babban kifin a tsakiya, da soyayyar ayaba da miyar tumatir da albasa da suke kira moyo, hannunta ya yi abin da ya saba ba tare da shawara ba. Ta ɓare tsokar tsakiya ta tura gaban maigida, ta ɓare ta gefe ta tura wa auta da ƙanen miji, ta jawo kai da ƙaya gabanta.

Darakta ya ga wannan. Ya san lissafin gidansa har tamma guda, ya san yawan tiyar geron da ake ci a mako, amma rabon da ke faruwa a bakin murhu bai taɓa wucewa ta gaban idonsa ba, domin kullum kwanonsa a rufe yake zuwa, da rabonsa a kammale. Bai yi jawabi ba. Ya ɗauki tsokar ya mayar gabanta, ya ce, "Hajiya, yau ni ne mai son kai." Ta ce, "Malam, a bar wa Allah, mutane suna kallo." Ya ce ba wanda ya san su a nan. Wannan ita ce kyautar da gidan abinci yake ba baƙo: wuri ne da ba maƙwabci, ba suruka, ba wanda zai kai labari.

Sa'an nan aka kawo takardar kuɗi. Jika 22. Uwargida ta sa aka maimaita mata, ta mayar da shi tiyoyin gero a ka, ta ce wannan cefanen kwanaki ne aka cinye a zama guda, ta yi salati. Ƙanen ya biya yana dariya, amma maganar ta bi su har gida. Autar ce ta warware lissafin a kan tabarma: kifin da kansa bai kai rabin kuɗin ba. Sauran na gawayi ne, da hayar wuri, da ladan wadda ta fere, ta wanke, ta jajjaga, ta tsaya a kan wuta, da wanda ya ɗauke faranti ya wanke. A gida ana lissafa gero da mai da gishiri, a kira shi cefane. Surfe da daka da tankaɗe da talge da tuƙi da kwasa da wanke-wanke ba su da layi a littafin kowa. Takardar nan ita ce karo na farko da aka rubuta wa wannan aiki farashi a gaban iyalin, kuma wadda ta fi kowa jin tsadarsa ita ce wadda ta yi shekara 33 tana yin sa kyauta, sau biyu ko uku a yini.

Kwanakin da suka biyo baya ita ta karɓi jagoranci. A Hanyar Masunta, wadda ta bi gaɓa daga Kwatano zuwa Wida, sun tarar da maza da yawa jere a kan igiya suna jan taru daga cikin teku, aikin da yake cin sa'o'i, mata kuma suna jira da manyan kwanoni. Ta yi ciniki da yatsu ta sayi kifi yana motsi, ta kai wa wata mai rumfa ta gasa, kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin uku na daren farko ba. Ba ta iya zama a teburi ba sai da ta leƙa madafa. Ba ta jin Fon, matar ba ta jin Hausa, amma tukunya ta yi musu tafinta. Miyar yauƙin da suke kira kirankiran ashe lalo ne. Abin da suke kira afitin daddawar ɗorawa ce. Akasa kuwa kamun masara ne da aka dama ya daskare a cikin ganye. Ta kwance ƙullin yajinta ta ba matar, matar ta lasa, ta ɗaga gira, ta cika mata leda da busasshen jatan lande.

A Wida sun tsaya a ƙarƙashin Ƙofar Tafiya Ba Dawowa, wadda aka gina a 1995 don tunawa da bayin da aka loda a jiragen ruwa daga wannan gaɓa. Darakta ya gaya wa autarsa cewa akwai Hausawa a cikinsu, har sun shirya tawaye a Bahiya ta ƙasar Barazil a 1807. A gidan abincin da suka shiga bayan nan akwai wani dafa-dukan wake da nama mai suna feshuwada, wanda zuriyar waɗanda suka dawo daga Barazil suka zo da shi. Ba su samu gamsasshiyar amsa a kan naman da ke ciki ba, sai suka koma ga kifi, suka ci ba mai magana.

Ba za a ce teburi ya fi tabarma ba. Da aka ajiye musu abinci a daren farko, darakta ya dubi yaron da ya kawo ya ce masa bismilla, kamar yadda ya saba yi wa duk wanda ya tarar da shi yana ci. Yaron ya yi murmushi ya ja da baya, domin a wurin nan mai hidima ba ya sa hannu. Yara masu tallar gyaɗa da kwakwa suna tsayawa a bakin igiyar da ta kewaye rumfa, in sun matso a kore su. A ciyayya mai wucewa yana da rabo, almajiri yana da ragowa, wanda ba a dafa a gidansa ba yana zama ya ci ba tare da an gane ba. Teburin saye yana ciyar da wanda ya biya, iyakarsa ke nan. Uwargida ba ta yarda an mayar da ragowa madafa ba ko sau ɗaya. Takan sa a ƙulle mata, ta miƙa ta saman igiya.

Da suka koma Maraɗi, ƴan majalisar darakta ba su rufe baki ba. Wani ya ce kuɗin tafiyar da ya sayi buhunan gero, a watan da rumbunan ƙauye suka yi ƙasa, dangi suna aiko yara neman tiya. Maganar tana da nauyi, kuma darakta bai musa ba, domin shi ma yana da ƴan'uwa a ƙauye. Abin da ya ce kawai shi ne, gero ya saya shekara da shekaru kuma zai ci gaba da saye, amma akwai bashin da ba a biyan sa da gero. Tun daga lokacin, ranar da kuɗin fansho suka fito, yakan biya wurin mai gashi ya sayo kifi ko kaza da burodi, ya aika tun la'asar a ce kada a ɗora tukunya. Har yanzu a ɗakinta take ci, shi a zaure. Sai dai shi yake rabawa da hannunsa kafin a kai.

Sun yi niyyar komawa, Allah bai nufa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, an rufe gadar Gaya. A watan Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata gefe, na Nijar ya zauna a rufe, matafiya suka koma ƙetare kogi da kwale-kwale, abin da ƙafafun tsofaffi ba su so. Aikin ƙanen ya tsaya, ya tattaro iyalinsa ya dawo gida.

Matan unguwa sukan tambaye ta labarin teku a wurin biki ko suna. Ba ta tsawaitawa a kansa. Takan ce ruwa ne mai yawa ba iyaka, ga gishiri, ba a sha, ba a wanki da shi, ga ƙara dare da rana. Inda take zama ta gyara ɗaurin kallabi ta ba da labari daki-daki shi ne wajen ci: yadda ta zauna aka kawo mata ruwan wanke hannu, yadda ta ce wannan nake so aka dafa shi, yadda ta tashi ta bar kwanoni a inda suke. Takan ce kwana shida cur zanenta bai yi warin hayaƙi ba. Matan sukan yi shewa, wata ta ce Hajiya kin more, sa'an nan wadda ta dubi rana ta miƙe ta ce bari ta je, ta bar wake a kan wuta.